Yaushe baitin waƙa ke zama hujja a kotun Kaliforniya?

A Amurka, masu gabatar da ƙara sun daɗe suna ɗauko baitocin waƙar gambara ta zamani, wato hip-hop, su karanta a kotu a matsayin shaidar cewa mawaƙin ya aikata abin da ya rera. Kusan duk waɗanda abin ke faɗawa a kansu matasa ne baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. A ƙarshen Satumba 2022 gwamnan Kaliforniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a dokar AB 2799, wadda ta fara aiki a farkon 2023, don rage wannan ɗabi'a.

Dokar ba ta haramta kawo waƙa kotu ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Abin da ta yi shi ne ta ɗora wa alƙali nauyin ɗaukar waƙa, ko fim, ko rubutun adabi, a matsayin abin da ƙarfinsa na hujja kaɗan ne. Sai fa idan an yi waƙar kusa da lokacin laifin, ko ta yi kama da laifin sosai, ko tana ɗauke da wani bayani da jama'a ba su sani ba. Idan mawaƙi ya ambaci inda aka ɓoye bindiga kafin 'yan sanda su bayyana wurin, to wannan magana ce daban. Amma don kawai ya yi alfaharin harbi da kuɗi a waƙar da ya saki shekaru biyar baya, ba za a ce ya amsa laifi ba. Ɗan dambe ma yakan yi kirarin ya kashe maza, ba wanda ke kai shi caji ofis.

Ana yin muhawarar ko za a karɓi waƙar a matsayin hujja ne ba a gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba, don kada baitocin su riga su ɓata musu tunani. Dole alƙali ya auna ko waƙar za ta sa a ɗauki wanda ake tuhuma mugu tun asali, ko ta shigo da wariyar launin fata cikin shari'ar. Lauyoyi na iya kawo masana salon waƙar da binciken jami'o'i. Akwai binciken da aka ba mutane baiti iri ɗaya, aka ce wa wasu na gambara ne, wasu kuma na waƙar ƙauyen turawa. Waɗanda aka ce wa gambara suka fi ganinsa barazana.

Matsalar ita ce a jihar Kaliforniya kaɗai wannan dokar ke aiki. A jihar Jojiya, inda aka gurfanar da mawaƙin gambara Young Thug a 2022, alƙali ya yarda a yi amfani da baitocinsa, daga baya mawaƙin ya amsa laifi a Oktoba 2024. Kudurin irin wannan doka ta ƙasa baki ɗaya kuwa an gabatar da shi a majalisa tun 2022, bai samu wucewa ba.