Doli Mai Inji da Na'urorin Sarrafa Motsin Kyamara

Doli wata 'yar kura ce mai tayoyi da ake ɗora kyamara a kanta domin a gusa da ita a hankali yayin ɗaukar fim, ko dai a kan dogo ko a kan daɓe mai santsi. Idan aka haɗa mata ƙaramin injin lantarki da ke tura ta, aka kuma ba ta ƙwaƙwalwar da za ta riƙe hanyar da ta bi, da gudun da ta yi, da inda ta tsaya, to an shiga fagen da masu sana'ar ke kira sarrafa motsi. A da sai manyan kamfanonin fim ne ke iya mallakar irin waɗannan kaya. Yanzu akwai masu shiga jakar goyo, mutum ɗaya ya kafa su ya kuma sarrafa su da wayar hannunsa.

Abin da ya bambanta doli mai inji da wadda ake turawa da hannu abu biyu ne. Na farko, tana iya maimaita tafiya ɗaya sau goma ba tare da ta kauce ko da faɗin gashi ba. Na biyu, tana iya tafiyar da ta fi ta hawainiya jinkiri, ta shafe awa uku kafin ta ci mita ɗaya. Hannun ɗan Adam, komai ƙwarewarsa, ba ya iya ko ɗaya daga cikin biyun.

Me ya sa ake gusa kyamara

Wanda bai saba ba yakan ɗauka cewa zuƙo hoto da lensi daidai yake da matsar da kyamara kusa. Ba ɗaya ba ne. Zuƙowa tana ƙara girman komai da ke cikin hoton gaba ɗaya, kamar an kusanto da takarda zuwa ido. Amma idan kyamarar ce da kanta ta gusa, abin da ke kusa da ita zai wuce da sauri, na nesa kuma ya riƙa binsa sannu-sannu, kamar yadda matafiyi a mota yake ganin itatuwan bakin titi suna gudu alhali dutsen da ke can nesa da ƙyar yake motsi. Wannan bambancin ne ke sa ido ya ji cewa wurin yana da zurfi. Shi ya sa gusawar rabin mita kacal, in dai akwai ƙofa ko labule ko ganye a gaban lensi, take sauya yanayin hoto baki ɗaya.

Asali

Tun farkon sinima an ɗora kyamara a kan jirgin ƙasa da kwale-kwale, amma kura ta musamman domin kyamara an fi danganta ta da Giovanni Pastrone na birnin Turin a Italiya, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1912, ya kuma yi aiki da ita a fim ɗinsa Cabiria na 1914. Daga nan doli ta zama kayan aikin yau da kullum. Manyan da kamfanoni irin su Chapman/Leonard da J.L. Fisher na Amurka ke ƙerawa suna ɗaukar kyamara da mai ɗaukar hoto da mataimakinsa duka, nauyinsu ya kai ɗaruruwan kilo, faɗin dogonsu kuma wajen santimita 62 ne. Akwai ma'aikaci na musamman da aikinsa kawai tura doli, kuma gwani a cikinsu abin nema ne, domin shi ne ke karanta tafiyar ɗan wasa ya daidaita ƙafarsa da ita.

Shigar inji da lissafi cikin lamarin ta zo ne ta ƙofar masu haɗa dabarun hoto. A 1975 mai shirya fim George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic a unguwar Van Nuys ta Kalifoniya domin aikin fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a 1977. John Dykstra, tare da Alvah Miller da Jerry Jeffress da suka yi ɓangaren lantarki, suka ƙera wata na'ura da aka sa wa suna Dykstraflex. Dabarar ita ce a kafe ɗan ƙaramin samfurin jirgin sama a gaban shuɗin ƙyalle, kyamara ce za ta yi shawagin a kewayensa. Tunda na'urar ba ta mantuwa, sai a ɗauki jirgin a zagaye na farko, fitilunsa a na biyu, wani jirgin a na uku, taurari a na huɗu, sannan a ɗora su a kan juna su zauna daram. Mutanen uku sun sami lambar yabo ta fasaha daga hukumar Oscar a 1978.

A Ingila kuma kamfanin Mark Roberts Motion Control, wanda aka kafa a 1966, ya yi suna da na'urar Milo, daga baya da Bolt, hannun mutum-mutumi mai tsananin sauri da ake ɗaukar tallace-tallace da shi, irin hoton da za a ga kyamara ta bi ɗigon lemo yana faɗawa cikin kofi. Nikon ta sayi kamfanin a 2016.

Yadda suka ƙanƙance

Girman doli ya dogara ne da nauyin kyamara. Muddin kyamarar fim tana buƙatar ƙarti biyu su ɗaga ta, babu zancen ƙaramar doli. Abin ya juya a 2008, lokacin da Nikon D90 da Canon EOS 5D Mark II suka fito, kyamarorin hoton kati masu iya ɗaukar bidiyo mai kyau, nauyinsu da lensi bai wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Nan da nan dubban masu ɗaukar bikin aure, da masu shirin gaskiya, da ɗalibai suka sami hoton da ya yi kama da na sinima, amma ba su da abin gusa shi. Ƙananan kamfanoni suka cike giɓin: Kessler a jihar Indiyana, Dynamic Perception a Mishigan, Edelkrone a Turkiyya, Syrp a Niyu Zilan. Wasunsu ma da kuɗin taron dangi na intanet suka fara. Cinetics na birnin Ostin a Tekzas ya fito da CineSkates a dandalin Kickstarter a 2011, tayoyi uku da ake maƙalawa a ƙafafun ɗan ƙaramin mazaunin kyamara. Syrp ya bi ta hanyar a 2012 da Genie, wani ɗan akwati mai jan kansa a kan igiya, wanda tsawon tafiyarsa tsawon igiyar ne.

Ire-irensu

Mafi yaɗuwa ita ce silaida: sanduna biyu na alminiyom ko na zaren kabon, tsawonsu daga kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya da rabi, da ɗan faranti mai boris da ke zamewa a kansu. Ana ɗora ta a kan ƙafar kyamara, ko a ajiye ta a ƙasa, ko a jingine ta a karkace domin kyamara ta hau sama.

Sai dolin tebur, wadda ba ta da dogo kwata-kwata. Tayoyi uku ko huɗu gare ta, kuma sirrinta yana cikin yadda ake karkata su. Idan tayoyin suka fuskanci gaba ɗaya, za ta miƙe sak. Idan aka juya su yadda sandar da ke tsakiyar kowace taya take nuni zuwa ɗigo ɗaya a kan teburin, za ta riƙa kewaya wannan ɗigon kamar jaki a turke. Sai a ajiye kwalbar turare ko takalmi a daidai wurin, kyamara ta zagaye shi ba tare da ya fita daga tsakiyar hoto ba. Rauninta shi ne duk wani tsakuwa ko tsagin tayil sai ya bayyana a hoton.

Na uku shi ne kai mai inji, wanda ke juya kyamara hagu da dama, ya kuma ɗaga ta sama ko ya sunkuyar da ita. Idan aka haɗa shi da silaida, aka ƙara ɗan injin da ke murza zoben fokas, an sami hanyoyin motsi huɗu da ke aiki tare. A nan ne ake samun hoton da ake yawan gani a hirarraki: kyamara tana kai da komo a hankali, amma fuskar mai magana tana nan a tsakiya.

Yadda suke aiki

Zuciyar yawancin ƙananan na'urorin ita ce inji mai taku. Ba ya juyawa sakaka kamar fanka. Taku-taku yake yi, kuma wanda aka fi amfani da shi yana cika zagaye ɗaya ne da taku 200, wato digiri 1.8 kowane taku. Allon lantarkin da ke tuƙa shi yana iya raba kowane taku gida 16 ko fiye domin tafiyar ta yi laushi. Tunda na'urar tana ƙirga takun da ta ba da umarni a yi, ta san inda faranti yake. Sai dai ƙirgar umarni ce kawai. Idan kaya ya yi wa injin nauyi, ko waya ta maƙale, zai tsallake taku ba tare da ƙwaƙwalwar ta sani ba, kuma daga nan duk maimaicin da za a yi ya gurɓace. Na'urori masu tsada suna da ma'aunin da ke karanta ainihin juyin injin yana gyara kuskure nan take.

Ƙarfin injin yana isa ga faranti ta bel mai haƙora, ko ta doguwar sanda mai zaren sukuru. Bel ya fi sauri da rashin nauyi. Sandar ta fi jinkiri, amma ta fi riƙe kaya idan silaida tana tsaye, domin ko wuta ta ɗauke kyamara ba za ta sulluɓo ƙasa da sauƙi ba. Abin da masu aiki suka fi tsoro a kowanne shi ne lako-lako, ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran giya, wanda ke sa faranti ya ɗan yi jinkiri duk lokacin da aka juya akala. Ido ba ya ganinsa a jikin ƙarfen, amma a babban allo, musamman da lensi mai zuƙo nesa, yana fitowa ƙarara.

Shirya tafiya kuwa ba wuya. A kai kyamara inda ake so ta fara a adana, a kai ta inda za ta ƙare a adana, a faɗi daƙiƙoƙin da za ta ɗauka. Ana iya dasa wasu tashoshi a tsakani. Abin da bai kamata a manta ba shi ne tausasa tashi da tsayuwa, yadda gudun zai taru a hankali ya kuma sauka a hankali. Tafiyar da ta fara da fizga ta ƙare da burki tana tona asirin inji, mai kallo ya daina bin labari ya koma kallon kyamara.

Inda suka fi amfani

Babu aikin da ya nuna darajar doli mai inji kamar ɗaukar da ke taƙaita lokaci, wadda ake ganin gajimare na gudu ko kasuwa na cika tana watsewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Lissafinta a fili yake. Bidiyo mai daƙiƙa 10, a kan firem 25 kowace daƙiƙa, yana buƙatar hoto 250. Idan ana ɗaukar hoto ɗaya duk daƙiƙa 5, aikin zai ci kusan minti 21. Idan kuma ana so kyamara ta ratsa silaida mai mita ɗaya a wannan lokacin, dole ta gusa milimita 4 tsakanin hoto da hoto, ba ƙari ba ragi, sau 250. Na'urar takan gusa, ta tsaya cik, ta jira girgiza ta lafa, ta harba hoto, sannan ta sake gusawa. Da dare, inda kowane hoton taurari yake buƙatar buɗe ido na daƙiƙa 20 ko 30, aikin yakan kai asuba. Mai shirya fim Ron Fricke ya ƙera irin wannan na'ura da kansa domin fim mai faɗin milimita 70, sakamakon kuma yana nan a fim ɗinsa Baraka na 1992. Abin da ya ci masa injiniyanci mai yawa, yau ana sayensa a kwali.

Haka masu motsa 'yan tsana hoto bayan hoto suke dogara da ita, galibi ta manhajar Dragonframe, wadda ke gusa kyamara daidai gwargwado bayan kowane firem. Haka kuma idan ana so ɗan wasa ɗaya ya fito a matsayin tagwaye. Tsohuwar hanya ita ce a kafe kyamara a raba hoto biyu. Da maimaicin inji, kyamara tana iya tafiya: a ɗauke shi a dama, ya sauya kaya a ɗauke shi a hagu, a ɗauki ɗakin babu kowa, edita ya haɗa ukun. Sharaɗin shi ne kada haske ya sauya, kada kuma wani ya taɓa ƙafar silaida ko da gwiwa.

Matsaloli da kulawa

Ƙarar inji ita ce ƙorafin farko, domin makirufo yana kama zuzar da kunne ya raina, kuma a hira cikin ɗaki shiru tana iya ɓata sauti. Na biyu shi ne lanƙwasa: silaida doguwa da aka ɗora a kan ƙafa ɗaya takan sunkuya idan kyamara ta kai ƙarshe, sai layin sararin sama ya karkace. Maganinta a tokare ta a gefe biyu, a kuma auna daidaitonta da ma'aunin kumfa irin na magina. Ƙura ma abokiyar gaba ce. Masu ɗauka a Kano ko Damagaram lokacin hunturu sun san yadda take shiga ko'ina. Ƙwayar rairayi ɗaya a kan sanda tana sa hoto ya yi tsalle, kuma man shafawa mai kauri yana tara ta ne maimakon ya kore ta, don haka goge sanduna da busasshen ƙyalle kafin kowace ɗauka ya fi.

Tun da gimbal, wato mariƙin kyamara na hannu mai injunan da ke daidaita ta, ta bayyana, da MōVI na kamfanin Freefly a 2013 da Ronin na DJI a 2014, wasu sun ajiye silaida, tunda gimbal tana bin ɗan wasa har kan matattakala ba tare da shimfiɗa dogo ba. Aikinsu dai ba ɗaya ba ne. Gimbal tana kashe girgiza amma ba ta hana tashi da saukar takun mai riƙe da ita, ba ta kuma iya bin layi ɗaya sau biyu. Shi kansa injin doli yana da inda yake gazawa: idan ɗan wasa ya yi jinkirin miƙewa daga kujera saboda yanayin da ya shiga, mai turawa da hannu zai jira shi, inji kuwa zai wuce ya bar shi. Saboda haka wasu silaidoji masu inji ana ƙera su yadda za a iya kwance bel ɗin a mayar da su na hannu, kuma a wajen ɗaukar wasan kwaikwayo sau da yawa a haka ake amfani da su.