Wayoyi da Siginar Na'urar Gano Harshen Wuta a Masana'antu

Na'urar gano harshen wuta ana kafa ta a matatun mai, rumbunan gas, tashoshin lantarki da rumfunan jiragen sama, tana hango hasken UV ko IR, nau'o'in hasken da ido ba ya gani, da gobara ke fitarwa. Idan mai ko gas ya kama, iskar CO2 mai zafi da ƙonewar ke samarwa tana fitar da hasken IR mai tsawon zango kusan maikromita 4.4, kuma shi na'urori da yawa ke fako. Daga nan sai labarin ya bi waya zuwa allon kulawa. Galibin na'urorin da lantarkin DC na bolt 24 suke aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta rile, wato makunnin da ke buɗewa ko rufewa da kansa. Akan sami na gobara da na matsala, kuma hikimar tana ga na biyun: muddin na'urar lafiya take, lantarki na riƙe da shi, da lantarki ya ɗauke ko matsala ta auku sai ya saki, allo ya yi ƙara. Akan kuma ɗaura rezista, ƙaramin abin da ke taƙaita gudun lantarki, a ƙarshen layi domin allo ya bambance layi mai lafiya da wanda ya tsinke. Wurinta cikin na'urar ƙarshe ne. Mai haɗa waya da ya maƙala ta a cikin allo don sauƙi ya yi babbar ɓarna, domin waya za ta iya yankewa a fili allon yana ta nuna komai lafiya.

Siginar miliampiya 4 zuwa 20, wato ma'aunin lantarkin da ke gudana a waya, ta fi rile bayani. A tsarin da aka saba, 4 na nufin lafiya lau, 20 gobara, abin da ya faɗo kusa da sifili kuwa matsala ce. Wasu na'urori suna ba da 2 idan gilashin da suke hango wuta ta cikinsa ya yi datti, amma matakan tsakiya sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka littafin na'urar ake bi. Da gangan aka fara daga 4, don kada a ɗauki matacciyar waya a matsayin zaman lafiya. Dole kuma tun farko a san wanda ke tura lantarkin siginar, na'urar ce ko allon. In aka saɓa, ba a ganin komai. Tsarin sadarwa na HART yana ɗora bayanan dijital a kan wannan waya da mitar 1200 da 2200 Hz, tsarin sadarwa na Modbus kuwa layin waya na daban mai suna RS-485 yake bi, mai kaiwa kusan mita 1200.

Ana amfani da kebul mai sulke, wato rufin ƙarfe na ciki da ke kare sigina daga kutsen lantarki, a haɗa sulken da ƙasa ta gefe ɗaya kawai, a kuma nisanta shi da manyan wayoyin injina. Doguwar waya siririya tana cin bolt, musamman ga na'urar da ke da hitar gilashi, shi ya sa ake auna bolt a bakin na'urar, ba a allo ba. A wuraren da gas ke iya fashewa, mashigar kebul da toshiyar duk ramin da ba a amfani da shi sai sun dace da shaidar kariya daga fashewa ta ATEX ko IECEx da na'urar ke ɗauke da ita.