Janar Murtala Muhammed a Yaƙin Basasar Najeriya

Murtala Ramat Muhammed, wanda aka haifa a Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938, ya yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ne a ɓangaren Gwamnatin Tarayya, ƙarƙashin Yakubu Gowon. A lokacin bai kai Janar ba, yana matakin Laftanar Kanar, daga baya ya zama Kanar. Muƙamin cikakken Janar sai a farkon 1976 ya same shi, yana shugaban ƙasa.

Tsayuwarsa a wannan ɓangare tana da ɗan ban mamaki. A juyin mulkin Yuli 1966, wanda yana cikin jagororinsa, kalmar da ke bakin sojojin Arewa ita ce "a raba", kuma Murtala na cikin masu son Arewa ta kama gabanta. Shekara guda bayan haka, da Ojukwu, gwamnan soja na Yankin Gabas, ya ayyana ɓallewar yankin da sunan ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, sai ga shi cikin masu ɗaukar bindiga don hana rabuwar.

A watan Agusta 1967 dakarun Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma har suka kai Ore, a kan hanyar Legas. Aka haɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, aka damƙa wa Murtala. Ya kora su baya, ya karɓe Benin a watan Satumba. Wannan ce babbar nasararsa.

Daga nan labarin ya yi nauyi. A farkon Oktoba sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan fararen hula maza a Asaba, tabon da har yau bai goge ba. Sannan ga kogin Neja, wanda ya raba Asaba da Onitsha: 'yan Biyafara sun karya gadar Onitsha, hedikwatar soja ta ba shi shawarar ya zagaya ya tsallaka ta wajen Idah, shi kuwa ya kafe sai ya haye da jiragen ruwa kai tsaye. Aka gwada, aka sake gwadawa, ana asarar sojoji masu yawa. A ƙarshe dai ta Idah ɗin aka bi, Onitsha ta faɗi a Maris 1968. A ƙarshen watan aka yi wa jerin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai ta cinye kayan yaƙi. Ba da jimawa ba ya bar fagen daga, Ibrahim Haruna ya gaje shi.

A Kano ba a cika tuna shi da yaƙin ba. An fi tuna mulkinsa na kwana 200 daga Yuli 1975, da kisansa a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976. A Kano aka binne shi. Babban asibitin cikin gari sunansa yake ɗauke da shi, kuma fuskarsa ce a kan takardar naira ashirin, wadda 'yan kasuwa suka daɗe suna kira "Murtala".