Kuɗin Sarki Honoriyus: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Wane ne Honoriyus?

Sarkin yammacin daular Rum daga 395 zuwa 423. A zamaninsa Alarik, sarkin Gotawa, ya wawashe birnin Rum, a 410. Wansa Arkadiyus ne ya riƙe gabas har zuwa 408.

In goge tsohon kuɗin zamaninsa ya yi ƙyalli?

A'a! Sau nawa zan faɗa? Baƙin da ke jikin azurfa shekarunta ne. Ka sa mata toka ko man goge ƙarfe, ka zubar da darajarta da hannunka.

Me ya bambanta solidus da silikwa?

Dukansu tsabar kuɗin Rum ne. Solidus zinariya ce, kusan giram 4.5. Silikwa azurfa ce, 'yar siririya.

An kawo mini silikwa da aka datse gefenta. In saya?

To, a nan sai an natsu. Datsewar kaɗai ba ta nuna jabu ce. A 1992, a Hoxne da ke Ingila, wani mutum ya fita neman gudumar da ta ɓace a gona, ya ci karo da taska mai silikwa sama da 14,000 da solidus 569, kuma mafi yawan silikwar an datse su. Da kuɗi suka daina zuwa Birtaniya daga Rum, sai mutane suka riƙa yankar azurfar gefe kaɗan-kaɗan. Ɗauki ɗaya ka duba: sun ci rubutun, amma sun bar kan sarki da rawaninsa. Ni wannan yakan taɓa mini zuciya.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, sunan sarki a gefen yake. Idan rubutun sunansa, DN HONORIVS, ya tafi, fuskarsa da ta Arkadiyus kusan ɗaya ce, kuma a birnin Milan an buga wa dukansu da baya iri guda, mai rubutun VIRTVS ROMANORVM. Mai sayarwa zai rantse ta Honoriyus ce. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila fata yake yi. In ko harafi biyu sun rage, ƙwararre na iya ganewa. In babu, saya a farashin wadda ba a san mai ita ba, in tarihin datsewar ne ya ja ka. In kuwa silikwarka ta farko ce, ni dai da na jira cikakkiya, ko da ta fi tsada.

Haruffan nan na baya fa?

Wasu garin da aka buga kuɗin suke nunawa: MD Milan, RV Rabenna, inda Honoriyus ya mayar da fadarsa a 402. OB na cikin COMOB zinariya tatacciya ke nan, PS kuma azurfa tatacciya. Ba su da wuya, cikin mako guda za ka haddace su.

Na ga solidus da arha a intanet.

Arha ba ta ado, Malam. Nemi nauyinta da takardar inda ta fito. In ta zo hannunka, ɗora ta a sikelin masu sayar da gwal, ka duba gefenta da madubi mai ƙara girma. Ta gaske bugawa aka yi. In ka ga layin haɗi ko ƙananan ramuka irin na zubi, mayar masa da abarsa.