Mene ne farantin baya a nutson sukuba, kuma yaya ake auna shi ga mai ƙaramin jiki?

Masu nutso da tukunyar iska, wato nutson sukuba, suna goya wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe a bayansu, wanda ake kira bakfilet, wato farantin baya. Shi ne ginshiƙin kayan gaba ɗaya. A jikinsa ake ɗaure tukunyar, tsakaninsa da tukunyar kuma ake sa jakar iskar da ke daidaita nitsewa da tasowa, wadda ake ce wa fiffike. Sai ɗamara guda ɗaya mai faɗin santimita 5 da ake zurawa ta cikin tsagoginsa, ta zama madaurin kafaɗu biyu da na ƙugu ba tare da an yanke ta ba. Madauri na ƙarshe daga gindin farantin yake tasowa, ya bi ta tsakanin cinyoyi, ya sarƙe da na ƙugu ta gaba.

Tsarin ya fito ne daga masu nutso cikin kogwannin da ruwa ya cika a jihar Fulorida ta Amurka. Ana danganta farantin farko ga Greg Flanagan a 1979, salon ɗaurin ɗamara guda kuma ya ɗauki sunan William Hogarth Main. Masu nutson kogwannin tukwane biyu masu nauyi suke goyawa, su suka sa aka tsayar da tazarar inci 11, kusan santimita 28, tsakanin ramukan noti biyu na tsakiyar farantin. Har yau wannan tazara ce ake bi, kuma ita ce ke hana a gajarta faranti yadda aka ga dama.

Farantin da aka saba sayarwa tsawonsa na kaiwa santimita 38 zuwa 40. Ƙarami yakan gaza shi da kamar santimita 5, galibi da ramukan nan biyu a inda suke. Wasu masu ƙerawa suna cewa wanda bai wuce santimita 160 a tsayi ba ya ɗauki ƙarami. Wannan kintace ne kawai. Abin aunawa shi ne tsawon baya, domin mutum biyu za su yi tsayi ɗaya, amma ɗaya tsawonsa a ƙafafu yake, ɗaya a gangar jiki. Ƙiba da rama ba su shiga lissafin faranti ba, wannan aikin ɗamara ne.

Ga yadda ake awon. Mutum ya sunkuyar da kai, ya shafa gindin wuyansa ta baya, zai ji wani ƙashi da ya fi sauran turowa. Daga nan ake farawa. Sai ya dafa ƙugu da hannu biyu a kan saman ƙashin kwatangwalo, manyan yatsu suna kallon juna ta baya. Wani ya auna daga ƙashin wuyan zuwa layin da ke tsakanin yatsun nan. Idan tsawon farantin ya kai wannan awo ko ya ɗara shi, ya yi wa mutumin yawa.

Dalili kuwa shi ne yadda ake kwanciya a cikin ruwa. Mai nutso a kife yake tafiya, kai a ɗage, baya a ɗan lanƙwashe, gwiwoyi a tanƙware. A wannan yanayi baya yana ƙara gajarta. Dogon faranti sai gindinsa ya tokari saman ɗuwawu, mutum ya kasa lanƙwasa bayan, ƙafafu su rinjaya ƙasa, ya riƙa tafiya a karkace yana tada laka yana ƙona iska a banza. In ya tura farantin sama don ya huta, sai kan na'urar shaƙa da ke bisa tukunya ya riƙa dukan ƙeyarsa duk lokacin da ya ɗaga kai. In ya sauke shi ƙasa don ƙeya ta samu wuri, bawul ɗin tukunyar ya yi masa nisa, hannu ba ya kaiwa. Wannan na ƙarshen ya fi sauran haɗari, domin wanda ya faɗa ruwa da bawul a rufe, ko mai tukwane biyu da iska ke zurara daga ɗaya, ba shi da mafita sai hannunsa ya kai can. Ga kuma tsagogin ƙugu: a dogon faranti suna zama ƙasa sosai, sai madaurin ya faɗa kan ƙashin kwatangwalo yana gurza, maimakon ya kwanta a sama da shi.

Duk da haka, da yawa daga waɗanda ke kukan faranti ya yi musu girma, ɗamararsu ce ba a gyara ba. Kafin a sayi sabo, a yi gyaran nan da kyau, kuma a yi shi sanye da ainihin rigar da za a shiga ruwa da ita. Awon da aka yi kan singileti ba zai yi aiki kan rigar roba mai kaurin milimita 7 ba.

Ana farawa da kafaɗu, ba tare da tukunya ko fiffike ba. A sa farantin, a miƙe tsaye, a kai hannu ta saman kafaɗa zuwa baya. Ya kamata kan yatsu su taɓa saman farantin ba tare da an yi ta murɗa jiki ba, wato samansa yana daidai ƙashin wuyan nan ko ƙasa da shi kaɗan. Tsakanin madauri da ƙirji a bar wurin da yatsu uku za su shiga. Sabon shiga yakan ɗame kafaɗu tam yana zaton hakan ne zai hana kaya rawa, alhali madaurin ƙugu da na tsakanin cinyoyi su ne ke riƙe kayan. Ɗamammiyar kafaɗa sai dai ta janyo faranti sama, ta daƙile hannu, ta sa cire kaya a saman ruwa ya zama kokawa. A tabbata ɓangarorin biyu tsawonsu ɗaya. Bambancin santimita 2 ya isa ya karkatar da tukunya gefe.

Mai ƙananan kafaɗu yakan ga madauri na zamewa ta gefe. Magani mai sauƙi shi ne a gitta madaurin biyu a bayan wuya, na dama ya fita ta hagu, na hagu ta dama, sai su matso ciki. Illarsa ita ce in an gitta su kusa da wuya sosai suna gurzar fata. Wasu kuma sukan ƙara siririn madauri a ƙirji. Ga mata da yawa, ɗamara mai taushi ta fi mai tauri bin jiki, ko da yake zobban da ake maƙala kaya a jikinsu sun fi zamewa a kanta.

Zobban kafaɗa, masu siffar harafin D, ga gwajinsu: a buɗe hannuwa gefe da gefe daidai kafaɗa, a tanƙwaro gwiwar hannu, inda babban yatsa ya sauka a ƙirji nan zobe zai zauna. A gajeren jiki tazarar da ke ƙasan zoben kaɗan ce, saboda haka ƙaramar tocilar ko-ta-kwana da ake maƙalawa a nan tana iya shiga hammata. A nemi gajera. Zoben ƙugu na hagu a tsakiyar gefen jiki yake zama, inda ɗinkin wando ke bi.

Kan bel ɗin ƙugu a kawar da shi zuwa dama, kada madaurin tsakanin cinyoyi ya hau kansa ya ɓalle shi. Shi kuma wancan madauri, idan ya yi gajarta zai ja na ƙugu ƙasa ya yi masa siffar V, idan ya yi tsawo tukunya za ta zame wajen kai da zarar an sunkuya. Daidai shi ne ya kai bel ɗin ba ja ba sako-sako. Ɗamara takan zo da tsawon mita 3.5 zuwa sama, don haka mai ƙaramin jiki zai samu rara mai yawa. Kada a yanke sai an yi nutso kamar sau biyar ana gyare-gyare, sannan a bar rarar tafin hannu biyu, a ƙona bakin da wuta don kada ya warware.

Sai batun nauyi, inda ƙananan mutane suka fi cutuwa. Farantin ƙarfe marar tsatsa na yau da kullum yana kai kilo 2.7, na alminiyon kuwa bai cika kilo 1 ba. Siririn mutum a ruwa mai ɗumi da rigar milimita 3 wataƙila darmar ƙara nauyi da yake buƙata duka ba ta wuce kilo 2 ba. In ya goya farantin ƙarfe da tukunyar ƙarfe, nauyi ya riga ya yi masa yawa, kuma nauyi ne da ba ya iya kwancewa ya yar idan fiffike ya fashe. Irin wannan mutum, farantin alminiyon ne ya dace da shi. A ruwan sanyi da riga mai kauri kuwa, ƙarfen ya fi, domin yana rage darmar da za a jibga wa ƙugun da dama ba shi da wurin ɗaukarta. Gwajin ɗaya ne: a zurfin mita 5, da ragowar iska bar 50 (ma'aunin matsin iska) a tukunya, fiffike babu iska ko saura kaɗan, mutum ya iya tsayawa ba ya nitsewa ba ya tasowa.

Fiffike da tukunya ma sai sun bi jikin. Ga tukunya ɗaya, fiffike mai ɗaga kilo 11 zuwa 14 shi aka saba, mai ƙaramin jiki a ruwa mai ɗumi kuma na kilo 8 ko 9 yakan ishe shi. Fiffiken da ya yi girma yana naɗe tukunya ta gefe biyu, iska ta maƙale a ciki ta ƙi fita. Tukunyar alminiyon mai lita 11 da ake bayarwa haya a ko'ina tsawonta kusan santimita 66 ne, kuma a gajeren mutum takan bugi bayan cinyoyi komai kyan farantin. Ta lita 9 ta gaza ta da kusan santimita 10, kuma tunda ƙaramin jiki galibi bai kai babba shan iska ba, sau da yawa tare za su fito da abokin nutsonsa mai babbar tukunya.