Ma'anar "Yanayin Ceto" Ga Wanda Ya Rasa Hanyar Shiga Sabarsa

Masu gina shafukan intanet da masu kula da manhajojin makarantu da kamfanoni sukan yi hayar abin da ake kira VPS, wato wani yanki na babbar kwamfuta da ke ajiye a cibiyar adana bayanai, wanda aka ware masa nasa faifan ajiya da tasa babbar manhaja har ya zama tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Mai hayar yana iya kasancewa a Kano ko Damagaram, alhali sabar tasa, wadda wasu ke kira uwar garke, tana Falkenstein a Jamus ko Gravelines a arewacin Faransa, kuma babu ranar da zai gan ta da idonsa, balle ya taɓa maɓallin kunna ta. Kusan duk hulɗarsa da ita ta ƙofa ɗaya ce, wato SSH, tsarin shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri da Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Finland a shekarar 1995. Ranar da wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa, mutum ya rubuta kalmar sirrinsa sau uku ana mayar masa da amsar cewa ba a ba shi izini ba, a ranar ne yakan fara jin abokan aiki suna ce masa ya shiga yanayin ceto, abin da kamfanonin haya ke rubutawa da sunan Rescue ko Recovery a shafinsu na sarrafawa.

Kafin a fahimci kalmar sai an san abin da aka rasa. A babbar manhajar Linux, wadda ta gaji tsarinta daga Unix da aka fara ginawa a Bell Labs a 1969, akwai asusu guda mai suna root, lambarsa sifili, kuma shi ne mai wuƙa da nama: yana karanta kowane fayil, yana goge abin da ya ga dama, yana sauya kalmar sirrin kowa ba tare da an tambaye shi tsohuwar ba. Kalmar sirrin wannan asusu ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta. Ana niƙa ta ne ta hanyar lissafi, sai a adana sakamakon a fayil ɗin /etc/shadow, kuma duk lokacin da mutum ya zo shiga sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada shi da wanda ke ajiye. Kamar yadda ba a mayar da garin gero tsaba, haka ba a mayar da wannan sakamako kalmar da aka fara da ita. Saboda haka ma'aikatan kamfanin haya ba sa iya karanto wa mutum kalmar da ya manta ko da sun so taimakonsa, kuma abin da ya rage kawai shi ne a ɗora sabuwa a gurbin tsohuwar.

Yanayin ceto shi ne tayar da sabar da wata ƙaramar babbar manhaja ta aro wadda kamfanin haya ya tanada, maimakon wadda ke kan faifanta. Wannan manhaja ta aro tana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta rubuta komai a faifan mai haya sai an umarce ta, kuma tana zuwa da tata kalmar sirri ta ɗan lokaci. Hikimar da ke ciki mai sauƙi ce. Muddin manhajar asali ce ke aiki, ita ce mai gadin ƙofa, kuma ba za ta bar kowa ya taɓa fayil ɗin kalmomin sirri ba sai ya tabbatar mata da ko shi wane ne. Da zarar an tashi da ta aro, ta asalin tana barci, faifanta ya koma tarin fayiloli da za a iya buɗewa a gyara. Kamfanin Hetzner ya gina nasa tsarin ceton a kan Debian, wani nau'in Linux, Linode kuma yana amfani da wata ƙaramar Linux mai suna Finnix, OVHcloud yakan aika bayanan shiga na wucin gadi ta imel, amma manufar duk ɗaya ce.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Mutum ya shiga shafin kamfanin ya kunna yanayin ceto, ya sake tayar da sabar, sannan ya shiga ta SSH da kalmar aron da aka ba shi. A nan kwamfutarsa za ta fito da wani gargaɗi da manyan haruffa cewa shaidar sabar ta canza, kuma mutane da yawa sukan firgita su ɗauka an yi musu kutse, alhali dalilin shi ne manhajar aron tana da tata shaidar daban. Bayan ya shiga sai ya rubuta lsblk domin ganin faifan da ke haɗe da rabe-rabensu, ya gano mafi girma, wanda galibi sunansa /dev/sda1 ko /dev/vda1. Daga nan sai ya ɗaura wannan rabo a wata jaka da umarnin mount /dev/sda1 /mnt, ya leƙa ciki ya tabbata ya ga jakunkunan etc da home da var, alamar cewa faifan da yake nema ne. Umarnin chroot /mnt shi ke sa manhajar aron ta ɗauki wannan jaka a matsayin tushen komai, ta yadda idan ya rubuta passwd ya shigar da sabuwar kalma sau biyu, fayil ɗin sabarsa ta asali ne zai canza. Wanda ya tsallake matakin chroot ya sauya kalmar manhajar aro ne kawai, wadda za ta ɓace da zarar an sake kunnawa, kuma wannan kuskure ya sha jawo wa mutane asarar sa'o'i suna mamakin abin da ya hana sabuwar kalmar aiki. Masu amfani da nau'o'in Linux na dangin Red Hat, irin su Rocky Linux ko AlmaLinux, suna da ƙarin mataki guda, wato rubuta touch /.autorelabel kafin fita, domin tsarin tsaro na SELinux ya sake yi wa fayilolin alama, in ba haka ba yana iya ƙin amincewa da fayil ɗin da aka gyara.

Sai dai a ganina bai kamata yanayin ceto ya zama matakin farko ba, domin yana buƙatar a tsayar da sabar, kuma duk tsawon lokacin da ake ciki shafin intanet da rumbun bayanai da imel suna rufe ga masu amfani da su. Sau da yawa ma ba kalmar sirrin ce ta ɓata ba. Akwai manhajar tsaro mai suna fail2ban da ake sakawa a saba masu yawa, wadda a tsarinta na asali take toshe adireshin intanet na tsawon minti 10 idan an yi kuskuren shiga sau 5 cikin minti 10, don haka wanda ya ɗan yi haƙuri, ko ya sauya daga layin ofis zuwa datar wayarsa, yana iya samun ƙofar a buɗe. Haka kuma tun fitowar OpenSSH 7.0 a 2015, tsarin asali ya daina barin root ya shiga daga nesa da kalmar sirri sai da mabuɗin SSH, wato fayil na sirri da mai shiga ke riƙe da shi a kwamfutarsa, ita kuwa Ubuntu, wani nau'in Linux, a bisa al'adarta tana kulle kalmar root ne ta bar mai kula ya yi aiki da umarnin sudo, wanda ke ara masa ikon root. Mutum yana iya riƙe da kalmar da take daidai, amma ƙofar da yake ƙwanƙwasawa ba ta karɓar kalma gaba ɗaya.

Abin da ke warware wannan shakka shi ne kwansol, kuma mutane sukan rikita shi da yanayin ceto. Kwansol taga ce da ke buɗuwa daga shafin kamfanin haya, tana nuna allon sabar tamkar an jona mata talabijin da allon rubutu, ba ta bi ta SSH kuma katangar tsaro ba ta tare ta. Idan kalmar sirri ta yi aiki a kwansol, to matsalar tana ga saitin SSH ko katangar tsaro, kuma za a gyara ta ba tare da an kashe komai ba. Sai dai a lura cewa tsarin haruffan allon rubutu a kwansol yakan saɓa wa na kwamfutar mutum, ta yadda alamomi irin su @ da # suke fita a wani gurbi daban, kuma manna rubutu ba ya aiki a wasu kwansol ɗin. Hanyar gwaji ita ce a rubuta alamomin a gurbin sunan mai shiga, inda ido ke ganin abin da ke fita, kafin a je gurbin kalmar sirri da ke ɓoye rubutu. Ta kwansol ɗin kuma ana iya tare manhajar GRUB, wadda ke tayar da Linux, a lokacin tashi, a danna harafin e, a ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin da ke ɗauko Linux, sai sabar ta tashi kai tsaye a hannun root, sannan a rubuta mount -o remount,rw / kafin a sauya kalma.

Maɓallin da ya fi haɗari shi ne na sake girka babbar manhaja, wanda ake rubuta wa Rebuild ko Reinstall, kuma sau da yawa yana zaune kusa da na ceto a shafi ɗaya. Wannan yana share faifan gaba ɗaya ya ɗora sabuwar manhaja, don haka mai haya zai samu sabuwar kalmar sirri amma ya rasa duk abin da ya tara. Shi ya sa nake ba da shawarar a ɗauki kwafin faifan daga shafin kamfanin kafin a fara kowane gyara, ko da kuwa za a biya ɗan kuɗi a kansa.

Yanayin ceto yana da iyaka. Idan an kulle faifan da tsarin ɓoye bayanai na LUKS, manhajar aron ba za ta ga komai ba sai an ba ta kalmar buɗe faifan, kuma wanda ya rasa wannan kalma kamfanin haya ba shi da abin da zai yi masa. A dandalin Amazon EC2 kuma, inda ake shiga da mabuɗi kuma kamfanin ba ya riƙe kwafin mabuɗin sirri, hanyar da aka saba bi ita ce a tsayar da sabar, a cire faifanta a jona shi ga wata sabar ta daban, a saka sabon mabuɗi a fayil ɗin authorized_keys, inda ake jera mabuɗan da aka yarda su shiga, sannan a mayar da shi mazauninsa.

Duk wannan bayani yana nuna wani abu da ya kamata masu makarantu da 'yan kasuwa su sani: wanda ke riƙe da asusun kamfanin haya shi ne mai sabar na haƙiƙa, domin yana iya sauya kalmar root cikin 'yan mintuna ba tare da sanin tsohuwar ba. Idan wanda aka ba aikin gina shafi ya buɗe asusun da imel ɗinsa, sannan aka rabu da shi, mai kuɗin ba shi da hanyar kaiwa ga yanayin ceto ko kwansol. Ya dace asusun ya kasance da sunan mai dukiyar, a kunna masa tantancewa mai mataki biyu, a kuma adana lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa a wuri amintacce. Wanda kuma yake da tabbacin bai manta kalmarsa ba amma ta daina aiki, ya duba fayil ɗin tarihin shiga, wato /var/log/auth.log a Ubuntu da tsofaffin Debian ko /var/log/secure a dangin Red Hat, ya kuma bincika authorized_keys ko akwai mabuɗin da bai sani ba, domin sauya kalma ba ya fitar da ɓarawon da ya riga ya bar mabuɗinsa a ciki.

Bayan an gama gyara sai a fita daga chroot, a sauke faifan da umount /mnt, sannan a sake kunnawa. A sabar girgije ta Hetzner yanayin ceto yana kashe kansa bayan tashi ɗaya, amma a DigitalOcean sai mutum ya koma shafin sarrafawa ya mayar da zaɓin tashi zuwa faifan asali da hannunsa, in ba haka ba sabar za ta ci gaba da tashi da manhajar aro, shafinsa kuma ya ci gaba da zama a rufe.