Bilma

Bilma, wadda Hausawa ke kira Balma, tsohon garin gishiri ne a yankin Kawar, cikin jihar Agadas, arewa maso gabashin Nijar. Yawancin mazaunanta Barebari ne da Tubawa. Ruwan sama ba ya sauka sai jefi-jefi. Garin na rayuwa ne da idanun ruwa da dabino da gishiri.

Tarihi

Marubutan Larabawa sun ambaci Kawar tun da daɗewa, har ana cewa Uƙba bin Nafi'u ya iso yankin wajen shekara ta 666. Daular Kanem-Borno ta daɗe tana riƙe da shi, domin yana kan hanyar fatake daga tafkin Chadi zuwa Fezan, a kudancin Libiya. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 cinikin gishirin ya koma hannun Abzinawa, musamman Kel Ewey da Kel Geres. An yi saɓani kan yadda hakan ya faru. Faransawa sun kama garin a 1906.

Gishiri da ayari

A Kalala, kusa da garin, ake haƙa ramuka, ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo, rana ta ƙafar da shi. Fari tas ɗin da ake fara kwashewa shi ne beza, na miya. Sauran kuwa a kwaɓa shi da ƙasa, a zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife a rana ya bushe: wannan shi ne kantu, wanda dabbobi ke lasa.

Da kaka ayari ke tasowa daga Abzin. Madugu na gaba, raƙuma ɗauke da gero da harawarsu, su bi ta garin Fashi su ratsa hamadar Tenere, inda sai a kwana da yawa ba a ga rijiya ba. A Bilma a ba da gero a karɓi gishiri da dabino. Daga nan sai kudu, kasuwannin Damagaram, Tasawa, Maraɗi, Katsina da Kano. A ƙasar Hausa raƙuman kan yi rani a gonaki, su ci kara su bar taki, geron manomi kuma ya zama guzurin tafiya ta gaba. Wannan zumunci na Buzu da manomi ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Bature Heinrich Barth ya bi irin wannan ayari daga Abzin zuwa kudu a ƙarshen 1850.

Yau

Manyan motoci da gishirin teku sun rage kasuwar, amma ayarin raƙuma bai yanke ba, kuma makiyaya na neman kantu har yanzu.